Hasken da Gilashi ke Tarewa

Karakol, 9 ga Disamba

'Yata Tolkun,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata Bishkek da karatunki na aikin jinya lafiya.

Ƙadangarenki mai gemu, Joro, da kika bar mini amana, ba ya jin daɗi. Ya ƙi cin gyare, ƙafafunsa na baya suna rawa, haɓarsa ta yi laushi. Ban yi sakaci ba. Na kashe doguwar fitilar nan taki, don ban ga amfanin ƙwan fitila mai dishi-dishi ba alhali ga ranar duwatsunmu. Na ɗora akwatinsa a taga, bayan na toshe gefen gilasanta biyu da auduga kamar kowane hunturu. Rana yake sha har la'asar. To me kuma yake so, romon shurpa?

Mahaifinki,
Kubat

Bishkek, 14 ga Disamba

Ata, babana,

Ina gaisuwa, amma wallahi sai da na yi kuka. Don Allah kunna fitilar yau, awa goma sha biyu kullum! A cikin rana akwai wani haske da idonmu ba ya gani. Da shi jikin Joro ke gina ƙashi, kuma gilashi tare shi yake yi. Ɗumi kawai ka ba shi. Ka kai shi wurin likitan dabbobi, ka riƙa barbaɗa masa farar hodar nan ta ƙarfafa ƙashi a abinci. In aka ƙara sati biyu a haka, zai mutu.

Ba fushi nake ba. To, kaɗan.

Taka,
Tolkun

Karakol, 20 ga Disamba

'Yata,

Na kunna, na kai shi. Shekara arba'in ina kiwon tumaki a ƙarƙashin ranar nan, ina ganin na san ta ciki da waje. Ashe akwai abin da take zubowa wanda ban taɓa gani ba, kuma ɗan gilashi ya isa ya hana shi! Na faɗa wa maƙwabci Esen, ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Ni dai tsigar jikina tashi take yi. Kunya kuma ta ishe ni.

Ki yafe wa tsoho.

Karakol, 2 ga Fabrairu

Tolkun,

Yau ya kama gyare da kansa. Ƙafar hagu ta karkace, likita ya ce haka za ta zauna, kuma aikina ne.

Da safe yakan hau dutsensa, ya ɗaga kai ga fitilar, ya lumshe ido. Nakan jawo kujera in zauna kusa da shi, ina kallo. Har yanzu ban ga komai ba.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.
Atanki