Tsuntsuwa Mai Zobe a Fadamar Birnin Tudu

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025
Wata huɗu da kwana tara rabona da Azare. Duk a kan tsuntsuwa ɗaya, mai dogon baki da dogayen ƙafafu, wadda aka sa wa zobe mai lamba a Turai. Ofishin masu binciken tsuntsaye na son hotonta cikin ruwa, lambar na karantuwa, kafin ta koma arewa. In babu, babu sabon aiki. Su suna Abuja ƙarƙashin fanka.

Alhamis, 13
Na hango ta cikin gonar shinkafar wani dattijo, Malam Nasidi. Ƙafafun duk a laka. Hoto ɗari biyu, ba zobe.

Asabar, 15
Matata Zakiyya ta bugo, wai yaushe zan dawo. Na ce mata ta tambayi tsuntsuwa. Ba ta yi dariya ba.

Talata, 18
Garken tsuntsayen ya ragu da rabi. Sun fara tafiya.

Juma'a, 21
Bayan masallaci Malam Nasidi ya zo masaukina da kwando a rufe. Sai da muka gaisa har kan iyali da gajiya, sannan ya buɗe. Ita ce. Tarkon gashin doki ya ɗana mata, ƙafar hagu ta kumbura.
"Halan ba ita kaka biɗa ba? Baƙonmu kullum cikin laka, mu muna kallo? Ɗauke ta hoto yadda kaka so."
Na ɗaga wa dattijo murya a gaban mutane. Ya gyara hularsa.
Gaskiya, ban taɓa faɗa masa me ya sa sai cikin ruwa ba. Sati uku ina tattake masa shinkafa, bai tambaye ni ba.
Na kwafi lambar a takarda. Na yi tunanin tsayar da ita a ruwa da zare a ƙafa, wa zai sani? Har na nemo zaren, sai na fasa.

Lahadi, 23
Na je na ba shi haƙuri. "Wagga magana ta wuce," in ji shi. Tare muka kai ta fadama da hantsi. Ta ɗingisa, ta tsaya, zoben a fili, rana a kansa. Kyamara na jaka. Wai hannuna da laka ne.
Ta tashi.
Abin da na tsira da shi: hoto uku masu ɗan kyau, lamba ɗaya a takarda, tsuntsuwa ɗaya.