Tambaya ta tara

Ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya mai ɗakinka da yara? Mu nan Takur lafiya, sai ciwon ƙafar nan.

Kai ka koya mini Python, yaren nan na kwamfuta, ka ce tambayoyin kwamfuta da ake sakawa kullum a Disamba tare za mu riƙa warwarewa. Kwana uku ina fama da ta tara, idona har ruwa yake. Jiya mai ɗakinka ta yi suɓul da baka a waya, wai manhaja ke rubuta maka amsoshin, har da "Madalla Baffa" ɗin da kake turo mini.

Ashe ni kaɗai nake zaune. Na rufe kwamfutar. In ka tuna da ni, ka kira in ji muryarka.

Ka gai da yara, ku sa ni a addu'a.

Baffanka