Ƙofar da Na Zaɓa Tana Kallon Kudu

Yaya Vasundhara, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Mijina Veeraiah direban bas ne. Shekara ashirin da uku da suka wuce aka nuna mana fili biyu a garin Guntur, nan Indiya, ɗaya na kallon gabas, ɗaya kudu. Uwarsa ta ce kudu ɓangaren Yama ne, mai ɗaukar rai a addininmu na Hindu, ba mai hankalin da zai buɗe masa ƙofa. Ni kuwa na kafe sai na kudu. Na ce musu ya fi iska. Ƙarya nake. Ta titin da ke gaban filin kudun bas ɗinsa ke wucewa sau huɗu a rana, ina so in riƙa ganinsa daga bakin ƙofa. Shi kaɗai ya gane, ya yi dariya, ya sa hannu a takardar filin.

Bara ya faɗi a tasha, zuciyarsa ta tsaya. Tun ranar ba wanda ya zage ni, sai dai kowa ya zo gaisuwa ya ɗaga kai ya dubi ƙofar, sannan ya dube ni. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

Makon jiya dangin yaron da ke neman 'yata Sravani suka zo. Kawunsa ya fito da waya ya auna inda gidan ya dosa, ko ruwa ba su sha ba suka juya. Wani mai duba tsarin gida bisa al'adarmu ya ce a toshe ƙofar da bulo, a fasa wata ta gabas. Sravani kuwa ta daina cin abinci. In na toshe, ai na amsa ke nan cewa ni na kashe shi. In na ƙi, na hana 'yata aure. Yaya zan yi?

Mai baƙin ciki, Guntur

Ƙanwata, sannu da rashi.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke mijinki. Likitan da ya duba shi zai gaya miki haka, ki je ki ji da kunnenki. Magidanta nawa aka fitar da gawarsu ta ƙofar gabas?

Amma kada ki raina tsoron mutanen nan. Da shi suka tashi, kuma ɗansu suke jiye wa. Masana tsarin gidan ma bakinsu ba ɗaya ba ne, da yawa sun yarda da ƙofar kudu in ta zauna a gurbin da ya dace. Ki nemi wani ya sake aunawa. In ta kama, ki fasa ta gabas domin baƙi, ki bar taki a buɗe. Wanda ya ce sai an toshe, ki sake tunani kafin ki ba shi 'yarki.

Sai abin da ya fi waɗannan duka. Sravani ba ta san dalilinki ba, abin da ake raɗawa kawai take ji. Yau ɗin nan ki zaunar da ita ki gaya mata gaskiya. Kada ta tafi gidan miji tana zaton taurin kan uwarta ne ya raba ta da ubanta.

Ubangiji ya sanyaya zukatanku, ke da ita.

Vasundhara