Fetur a Tankin Taguwa

Laraba

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya kaɗaici? Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. 'Yan biyu sun gama jarrabawa, suna gaishe ka. Inna ma da sauƙi, kumburin ƙafarta ya ɗan sace tun wankin ƙodar jiya.

Na ba direban da ke kai muku siminti wannan takarda ne, don wayar da kake hawa tudu ka yi mana ranar Lahadi ba ta isa magana. Ka faɗi naka, layi ya yanke, ni kuma aka bar ni da nawa a ciki yana cina.

Ka ce in riƙa ba Auta makullin mota duk sanda ya nema, wai ƙaninka ne, kada a ce matarka ta mallake abin gida. To na ji. Amma bari in tuna maka dalilin motar nan, tun da alama aikin madatsar ruwa ya mantar da kai.

Ranar da likita ya ce Inna sai wankin ƙoda duk Talata da Juma'a, a asibitin da ke tafiyar awa biyu daga nan, kai da kanka ka rabu da tsohuwar motarka mai shan fetur kamar rariya, ka nemo wannan mai dizal. Ka ce ba ta ado ba ce, ta jinya ce. Kuma ka yi gaskiya. In na cika tankinta, sai mu je mu dawo sau uku allurar ba ta taɓa ja ba, shi ya sa yaran suka sa mata suna Taguwa, wai raƙuma ce mai jure ƙishirwa. Kujerar baya ta ishi Inna ta miƙe da filonta, keken guragunta na shiga but ɗin baya a naɗe, har da sauran wurin kwando. Saboda ita na koyi tuƙi da furfura a kaina, kulochi ya yi ta ƙona min ƙafa, 'yan layinmu na dariya motar na mutuwa da ni a tsakiyar titi. Shekara biyu da wata bakwai ke nan ina rufe shagon ɗinkina kwana biyu a mako, ban taɓa fashi ba.

A cikin shekarun nan, sau nawa Auta ya kai mahaifiyarsa? Ko sau ɗaya. Warin asibiti na sa shi jiri, in ji shi. Amma warin kujerar mota ba ya sa shi komai. Abokin wasana ne, ba na ƙinsa, na kuma sha wanke masa kaya da hannuna. Sai dai mutum ne da bai taɓa buɗe bonet ba, bai san inda ake zuba ruwa ba, abin da ya sani kawai ya zuge gilashi ya fito da gwiwar hannu a gan shi.

Gobe zai karɓa, wai zai raka abokinsa filin jirgi. Zan ba shi, tunda kai ne mai gida. Na dai faɗa, kada gobe a ce ban faɗa ba.

Ka kula da kanka, ka riƙa shan maganin gyambon cikinka kafin abinci.

Matarka,
Maman 'yan biyu

Litinin

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yara lafiya. Inna tana kwance a asibiti da robar iska a hanci, daga bakin gadonta nake rubuto maka, a kan cinyata, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Jiya ka yi magana, ba ka bar ni na ce uffan ba. Yau za ka karanta, ko kana so ko ba ka so.

Ranar Alhamis da la'asar Auta ya dawo da mota, ya jefo min makulli kan keken ɗinki yana fara'a, ya ce ya cika min tanki fal a gidan man bakin layinmu. Har godiya na yi masa, ka ji wauta. Juma'a da sassafe na shirya Inna, muka ɗau hanya. Na tsaya a gidan man da ke kusa da gada na sa wa tayar baya iska, iska kawai, ban ko matsa kusa da famfo ba. Ba mu yi nisa da fita gari ba injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa da dutse. Na taka, ta ƙi ja. Sai farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, ta yi tari biyu ta mutu, a inda babu gida babu inuwa.

Awa uku muka yi a wurin. Na cire mayafina na rataya a taga don rana, ina yi wa Inna fifita da kwalin magani, ba damar in ba ta ruwa ta ƙoshi saboda dokar likita. Motar hayar da ta tsaya a cike take, ba wanda zai iya ɗaga keken. Kafin wani mai akori-kura ya tausaya mana ya kai mu, an riga an ɗora wani a kan injin wankin ƙodar Inna, layin kuma ya cika har Talata. Nas ɗin ta yi iya ƙoƙarinta, babu gurbi. Muka dawo. Asabar Inna ta wuni a zaune, ba ta iya kwanciya. Lahadi da safe numfashi ya gagare ta, ruwa ya hau mata ƙirji, maƙwabcinmu mai gyaran firji ne ya kwaso mu a motarsa.

Bakanike ya sa motar janwe ta jawo Taguwa gareji. Yana buɗe murfin tanki ya shinshina, ya dube ni ya girgiza kai. Fetur ne zalla. Ya ce famfon mai ya cinye kansa, garin ƙarfe ya bi duk bututun, sai an sauke tanki an sauya abubuwa da yawa. A kan murfin nan, da jan farcena na rubuta DIZAL da manyan baƙaƙe tun ranar da ka kawo ta. Makaho ma zai shafa ya ji.

Sai ga shi jiya, a barandar asibiti, yayarka, Yaya Babba, ta kira ka ta buɗe muryar waya kowa na ji. Auta ya rantse dizal ya zuba, ya ce ai an gan ni a gidan man gada. Kai kuma, daga kan tudunka, ba tare da ka tambaye ni ba, ka ce dama mace da mota sai a hankali, in na yi kuskure in amsa, kada in ɗora wa yaro, kuma in wani abu ya sami mahaifiyarka ba za ka yafe min ba. Yayarka na tsaye, ƙaninka na tsaye, maƙwabcinmu da matarsa na tsaye, har da masu jinyar wasu da ban sani ba.

Yaro? Mutum mai shekara talatin da gemu? Ni da na zuba wa motar nan mai fiye da yadda zan iya tunawa, ni ce zan manta abin da take sha? Shekara goma sha tara muna tare, ka taɓa kama ni da ƙarya ko ta allura?

Ban yi kuka a gabansu ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi abina, na wanke fuska na dawo na juya Inna, don lokacin juya ta ya yi, kuma cikin 'ya'yanta babu wanda ya san yadda ake yi.

Ka yi mata addu'a. Ni ba na neman komai a wurinka yau.

Maman 'yan biyu

Asabar

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Yara na nan ƙalau. An sallamo Inna makonni biyu da suka wuce, tana cin abinci, har ta fara yi wa 'yan biyu faɗa, ka ga kuwa sauƙi ya samu.

Na san labari ya iso maka, amma a gutsure. Ga shi cikakke.

Da Inna ta dawo hayyacinta ta ji abin da aka ce, sai ta sa aka tara kowa a ɗakinta. Ta ce ita ba barci take ba a gidan man gada, idonta biyu, iska kawai aka sa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na riga na je gidan man bakin layinmu, matar da ke ba da mai ranar ta tuna shi sarai. Ta ce ta nuna masa rubutun murfin, ya daka mata tsawa wai ita za ta koya masa motar gidansu, ana kallo, abokansa na ciki. Ita kuma sabuwa ce a aikin, ta ji tsoro ta zuba. Har gida ta biyo ni ta maimaita a gaban Inna.

Auta ya durƙusa yana kuka. Inna ba ta zage shi ba. Cewa ta yi tunda babu mota, shi zai riƙa kai ta a motar haya har a gyara. Sau huɗu ke nan yana goya ta daga ƙofar tasha zuwa kujera, yana zama awa huɗu yana kallon jininta na zagayawa a roba. Ran farko ya yi amai. Ran na biyu ya dawo ya tsaya bakin shagona ya kasa shigowa, ya ce bai san haka abin yake ba. Ya nemi gafarata da bakinsa, na yafe masa. Tsoro ne ya sa shi ƙarya, kuma ya biya da bayansa.

Saura kai.

Direba ya kawo min turamen atamfa biyu da saƙonka, wai a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce. Ga su nan na mayar maka a ledarsu. Ni tela ce, atamfa ba ta burge ni, shagona cike yake da ta mutane. Auta bai san ni ba sai a matsayin matar yayansa. Kai ka san ni, ka kuma zaɓi ka ƙaryata ni a bainar jama'a. Abin da aka ɓata a gaban mutane ba a gyara shi a cikin leda.

Bakanike ya ce Alhamis zai ba ni Taguwa, ya tashe ta jiya na ji muryarta, ta dawo daidai. Na ji hutunka zai fara Juma'a. Kada ka jira ni a tasha, ranar wanki ce. Ka hau motar haya ka same mu a asibiti, hawa na biyu, ɗaki na ƙarshe a hannun hagu. Yaya Babba za ta zo, Auta zai zo, na gayyaci maƙwabcinmu da matarsa. Awa huɗu Inna ke yi a kan injin, ya ishe ka ka nemo kalmomin da za ka wanke ni da su a gabansu.

In ka faɗa, sai in miƙa maka makulli ka tuƙa mu gida. Ina so in zauna a baya kusa da Inna, in jingina kaina, in yi barci har ƙofar gida.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Maman 'yan biyu