Duwatsun Gindin Tuffa

Ɗana Didar,

Rabona da aiko takarda tun shekarar da dutse ya zube ya tare kogi. Yaya mahaifiyarka da ƙafarta? Yaya matarka Nigar da yara? Ni lafiya nake a Karachi, ana ta gadi. Tarin da nake fama da shi ba komai ba ne, zafin garin ne kawai.

Direban da ya sauko daga ƙauyenmu jiya ya ce min, "Baba Mirbaz, ɗanka ya zama babba. Ɗakin haya na biyu zai gina wa 'yan hutu a gindin tuffa, wai daga nan aka fi ganin tsauni." Yana dariya ya ce faffaɗan duwatsun wurin za ka yi dandamali da su.

Ka san abin da ke ƙarƙashinsu, na sha nuna maka. Yayarka Shirin ce. Tana jaririya ta rasu, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar makabarta, muka binne ta a bayan gida.

Da ka rushe garken awakina ka yi ɗakin farko, ban tanka ba. Mahaifiyarka ba za ta yi magana ba, sai dai ta yi kuka a madafa. Ni kuwa baƙo ba zai sha shayi a kan 'yata ba.

Allah ya shirye ka. Kada magini ya taɓa ko tsakuwa. Gobe da safe zan ajiye aiki in hau mota. In haƙar za ka yi, za ka tarar da ni zaune a wurin.

Mahaifinka,
Mirbaz