Hujin da Na Yi wa Katin Bahijja

Ruwan Bago, ta Rogo.

Zuwa ga Yaya Maiturare, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji Sulle da yara. Allah ya ba ki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da sauran ƙarfinta, kullum sai ta tambaya ko kin kira. An cire gyaɗa, ba laifi, dawa kuma sai wata mai kamawa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji biyar na firamare na yi sallama da alli. Maganar ce ba ta waya ba, don a gidan nan ko tari na yi a waya sai an ji a zaure.

Yaya, ƙanenki ya yi abin kunya. Katin sakamakon 'yarki ta wajena, Bahijja, ya zo, ta zo ta arba'in da bakwai cikin su sittin da ɗaya. Na zauna ina kallon lambar nan, sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai bakwai ɗin ce ta ɓata komai. Na sa reza na kankare ta, yarinya ta koma ta huɗu. To hannun da ya saba da fartanya, ai sai na huda katin. Duk da haka na kai shi teburin mai shayi a Rogo, na danne hujin da babban yatsa ina nuna wa jama'a. Shitu ɗan Gwaggo Turai, taubashinmu, ya ce in ba shi ya sa albarka. Ya ɗaga katin sama, ya leƙo ni ta hujin, ya ce shi bai taɓa ganin sakamako mai taga ba. Na manta ajinsu ɗaya da 'yarsa Khadija, kuma ita ce ta huɗun. Mai shayi har ya zubar da madara don dariya. Da zafin nan na koma gida na ce an gama, Bahijja ta bar makaranta ta taya uwarta matsar mai.

Da aka koma makaranta bayan hutu uwarta ta lallaɓa ta mayar da ita da katin, sai ga saƙo wai in je. Na tafi da shirin cewa ɓera ne. Aka tura ni ofishin Malama Sa'adiya, wadda aikinta zama da yaran da karatu ke ba wuya, ta gano inda abin yake. Na ce ɓera. Ta ce ɓeran nan ya iya zaɓen lamba. Sannan ta ce malamin ajin ya ɗauka Bahijja ce ta yi, har an sa ta tsallen kwaɗo, amma ta ƙi faɗin kowa. Nan na cire hula na faɗi gaskiya.

Ban ji faɗa ba. Takardun gwajin yarinyar ta shimfiɗa a tebur ta ce in duba. Hausa da addini da noma duk ta ci, wani ma ta fi Khadija. Lissafi da Turanci ne ta faɗi warwas. Ta janyo jadawalin darussa, ashe su biyun nan ake fara yi da safe. Ta buɗe rajista, shekara guda cur Bahijja ba ta shiga aji sai tara ta wuce, kuma duk wadda ta makara sai ta tsinci shara kafin a bar ta ta zauna. Ta tambaya wa ke kawo ta. Na ce ni, a babur, kuma tun ƙarfe bakwai muke barin gida. Ta ce to a ina awa biyu ke zuwa.

Yaya, a teburin shayi suke zuwa. Kullum nakan tsaya in ce da yarinyar kofi ɗaya, ita kuma tana tsaye jikin babur da jakarta. Wa ke cewa Lado ba mu labarin ranar da jakin Baffa ya shiga da kai kasuwar Karaye? Wa ke cewa a ƙara wa Lado burodi? Shitu. Shi kuwa tun bakwai da rabi ya ajiye tasa a ƙofar makaranta ya dawo. Shekara guda yana kallon 'yar ɗan'uwansa a rana, ya san an kaɗa ƙararrawa, bai taɓa cewa Lado tashi ka kai ta ba. Har yakan ce wai ta gaji ubanta. Laifina na ɗauka, amma nasa ba zan yafe ba.

Na fara ramawa. Yanzu bakwai da kwata na ajiye ta, in na dawo in wuce teburin nan a hankali, in danna oda sau biyu, ko kallo ba su ishe ni ba. Na koma teburin Ɗantala a tsallaken titi, kuma sai na daidaita murya yadda Shitu zai ji an fashe da dariya amma ba zai ji labarin ba. Mutum uku sun riga sun biyo ni. Ran Juma'a ya aiko wai wasan taubasai ne. Na ce a gaya masa wasa ya ƙare a kan 'yata. Na san Gwaggo za ta kira ki ki sa baki, don Allah ki ce layin ba ya ji. Ranar da katin gaba ya fito, a bainar jama'a zan miƙa masa, ya ɗaga ya nemi taga.

Malama Sa'adiya ba ta son wannan. Ta ce kada in mai da yarinya sandar dukan Shitu, a auna ta da makinta na baya, ba da na Khadija ba. Na ce to, da baki. Ita dai ta yi nata. Ta dawo da Bahijja layin gaba, ta haɗa ta da wata 'yar aji uku suna bitar lissafi lokacin tara, tun daga inda aka wuce ta. Duk Alhamis tana aiko 'yar takarda in sa hannu, ta ce kuma a ɓoye mini reza. Gwajin makon jiya ta ci shida cikin goma, a da biyu take ci. Maganar cire ta na janye.

Sai dai akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar da na dawo daga teburin mai shayi da katin nan, a gaban ƙannenta na ce mata daƙiƙiya, na ce kuɗin littafinta asara ne. Malama ta ce har yanzu ba ta ɗaga hannu a aji ko ta san amsa. Da ta tambaye ta dalili, sai ta ce Baba ya ce kanta ba ya ja. Malama ta ce wannan ba aikin ofishinta ba ne, bakin da ya faɗa shi zai janye.

Ki gaishe da Alhaji Sulle, da Mu'az da Jamilatu da autarki. Inna da maman yara suna gaishe ki.

Yau sati uku ke nan da Malama ta faɗa mini haka. Kullum a kan babur, daidai gangaren rafi, nakan ce Bahijja, ta ce na'am Baba, sai in ji labarin ban dariya ya fito. Tana dariyar kuwa, don ta kyauta mini. Gobe Litinin na yi niyyar kashe babur in sauka in faɗa mata tana kallona. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Lado.