Tokar da Na Ɗora wa Inna

Litinin, 5 ga Agusta, 2024
Masai ya sake dawo da ruwa. Wari har tsakar gida! Mijina Muktar yana can wurin aiki a Makarfi, ta waya kawai yake cewa in yi haƙuri. Don mahaifiyarsa ya gina ban-ɗakin zaman nan, saboda gwiwoyin Inna sun daina tsuguno. Ni kuwa na san ita ce. Toka take zubawa, yadda ta saba yi wa salgar gargajiya.

Laraba, 7 ga Agusta
Na faɗa mata, da ɗaga murya ma. Ta dube ni ta ce, "Mukarrama, sau ɗaya na zuba, tun bara." Wa zai yarda? Na ƙara juye rabin kwalbar bilic na wanki cikin masai.

Asabar, 10 ga Agusta
Ta koma tsohuwar salga a bayan rumbu, cikin taɓon nan, da sanda. Wai kada ta ƙara ɓata mini wuri. To, ta je mana!

Talata, 13 ga Agusta
Inna ta zame a hanyar salga. Gwiwa ta kumbura sumtum. Raina ya ɓaci, ban ma san da wa ba.

Alhamis, 15 ga Agusta
Safiyanu mai gyaran famfo ya zo daga Ikara ya ɗaga murfin ramin masai. Ashe rami biyu ne. A na farko ƙazanta ke kwantawa, wasu ƙananan halittu suna cinye ta, ruwan ya wuce sokawe, rami na biyu, ƙasa ta shanye. Ya ce bilic da yawa kashe su yake yi, kuma rabon da a kwashe ramin shekara huɗu. Sai ya zura ƙugiya cikin bututu ya jawo abin da ya toshe shi. Famfas ɗin Farida, 'yata. Ɗaya, biyu, har shida.
"Hajiya, wannan ba ya narkewa."
"Toka fa?" na ce.
"Ban ga toka ba."
Inna na zaune kan tabarma, tana ji. Ba ta ɗago kai ba. Da ma ta zage ni.

Lahadi, 18 ga Agusta
Motar kwasa ta zo jiya. Na ajiye bokiti mai murfi don famfas, bilic ya koma wurin wanki. Ban ba Inna haƙuri ba. Da safe dai na ga ta laluɓi sandarta za ta nufi bayan rumbu. Na karɓe sandar, na ɗauki butarta, na riƙe ta har ƙofar ban-ɗakinta.
A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Kin tabbata ba zan ɓata ba?"